Da Ikon Wa? Warkarwar Yesu da Gardamar da Ta Ƙi Ƙarewa

Duk wanda ya bi tarihin Kiristanci daga tushe zai tarar da wani abin mamaki: a ƙarnonin farko da wuya a sami wanda ya tsaya yana musun cewa Yesu ya warkar da marasa lafiya. Ko maƙiyansa ba su ɓata yawunsu a kan haka ba. Malaman Attaura da suka taso daga Urushalima, yadda Linjilar Markus ta kawo a babi na 3, ba su ce ƙarya ake yi ba, cewa suka yi da ikon Ba'alzabul, shugaban aljanu, yake aiki. Wajen shekara ta 178 wani masanin falsafa mai rubutu da harshen Girka, Selsus, ya wallafa littafi sukutum na sukar Kiristoci, shi ma bai ƙaryata ayyukan ba, sai ya ce Yesu ya je ƙwadago Masar ne ya koyo sihiri a can. Talmud na Yahudawa ya ambaci wani Yeshu da aka kashe a jajibirin Idin Ƙetarewa, laifin da aka ɗora masa shi ne sihiri da ɓad da jama'a. Josefus kuwa, Bayahuden da ya rubuta tarihin mutanensa wajen shekara ta 93, yana da ɗan sakin layi a kan Yesu. Masana sun yarda hannun Kiristoci ya taɓa wurin daga baya, amma da yawansu na ganin cewa siffanta shi da mai aikata abubuwan al'ajabi daga alƙalamin Josefus ɗin ya fito.

Ke nan a wancan zamani ba faruwar abin ake ja ba. Tushensa ake ja. Makaho ɗaya, idanu biyu da suka buɗe, amma hukunci uku: wasu suka ce matsafi ne, wasu suka ce annabi ne, wasu suka ce Ubangiji ne da kansa ya ziyarci mutanensa. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to a nan kam kowa ya gani, gardamar kuma ba ta koru ba.

Dalili kuwa shi ne duniyar da Yesu ya rayu a cikinta cike take da masu warkarwa. A Efidaurus ta ƙasar Girka marasa lafiya kan je su kwana a haikalin Asklefiyos, gunkin magani, suna jiran mafarki, har yau kuma ana iya karanta allunan dutsen da aka sassaƙa labaran waɗanda aka ce sun warke. Marubutan Rum biyu, Tasitus da Suwetoniyus, sun ba da labarin yadda Fesfasiyan, a Iskandariya wajen shekara ta 69, yana dab da hawa gadon sarautar Rum, ya shafa wa wani makaho yawu a ido ya gani. Tasitus ma ya ƙara da cewa sai da ya tuntuɓi likitoci tukuna, don kada a yi abin kunya a bainar jama'a. A Galili kanta, a ƙarni na farkon nan, akwai Hanina ɗan Dosa, wanda littattafan malaman Yahudawa suka ce yakan yi addu'a daga nesa zazzaɓi ya saki yaro a sa'ar nan. Ba wanda ya taɓa yi wa Hanina sujada. Da aka tambaye shi ko annabi ne, ya ce a'a, in dai addu'ar ta zo masa a baki ba gargada, ya san an karɓa.

Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye wannan ba. Iliya ya ta da ɗan gwauruwar Zarefat. Elisha ya ta da ɗan matar Shunem, ya kuma aika Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun, kuturtarsa ta tafi. Shi ya sa da Yesu ya tsai da makara a ƙofar garin Nayin ya mayar wa wata gwauruwa da ɗanta tilo, kamar yadda Luka ya ruwaito a babi na 7, abin da ya fara fitowa daga bakin jama'a shi ne an ta da babban annabi a cikinsu. Ba su yi kuskuren lissafi ba. Nayin da Shunem a gindin tudu ɗaya suke, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, kuma duk yaron da ya tashi a yankin ya san labarin Elisha.

Akwai wani labari a Ayyukan Manzanni, babi na 14, da ya kamata duk mai wa'azi ya riƙa tunawa. Bulus ya warkar da wani gurgu a Listira, a ƙasar Turkiyya ta yau. Nan take mutanen garin suka ce alloli sun sauko da siffar mutane, suka kira Barnaba Zafsa, suka kira Bulus Hamisa, firist ya jawo bijimai za a yi musu yanka. Manzannin suka kyakketa tufafinsu suka faɗa cikin taron suna ihu cewa su mutane ne kamar kowa. Ga dai jama'a sun yi irin lissafin nan na kai tsaye, wanda ya warkar allah ne, kuma Littafin da kansa ya ce lissafin ɓata ne.

Saboda haka ina ganin mai cewa Yesu ya warkar da makafi don haka shi Allah ne, bai yi wa addininsa adalci ba, ya ɗauko hujjar ta wurin da ta fi rauni. Malaman tauhidin Kirista masu zurfi ba a nan suka kafa ƙafa ba. Abin da suka dogara a kai shi ne yadda aka yi warkarwar, da maganar da ta raka ta, da abin da mai yin ta ya ɗora a kanta.

Babu inda wannan ya fito fili kamar labarin shanyayyen Kafarnahum a babi na 2 na Markus. Kafarnahum ƙaramin garin masunta ne a bakin Tekun Galili. Tonon da limaman ɗarikar Faransis suka yi a wurin daga 1968 ya nuna irin gidajen: bango na baƙin dutse, ɗakuna ƙanana kewaye da tsakar gida, rufi na itace da kara da laka wanda ba zai yi wuyar ɓarkewa ba. Gida ya cika maƙil, ƙofa ta toshe, sai mutum huɗu suka hau da abokinsu bisa rufin, suka buɗe, suka zuro shi a kan shimfiɗarsa. Kowa ya san abin da ya kawo su. Amma Yesu bai fara da ƙafafun ba, ya gaya wa mutumin an gafarta masa zunubansa. Malaman da ke zaune suka ji abin ya soke su, kuma bisa ga iliminsu suna da gaskiya. Gafarar zunubi a addinin Yahudu tana da hanya: akwai Haikali, akwai hadaya, akwai firist, akwai Ranar Kafara, kuma mai gafarar shi ne Allah shi kaɗai. Mutum ya zauna a ɗakin masunci a Galili ya yanke hukuncin gafara, ba rago ba bagade, wannan a kunnensu saɓo ne.

Sai Yesu ya tambaye su wanne ya fi sauƙin faɗa, an gafarta maka ko tashi ka yi tafiya. A nan gizo ke saƙar. Gafara ba a ganinta, kowa na iya furta ta ba mai iya ƙaryata shi. Tafiya kuwa ana gani. Ya ɗauki abin da ido ke iya tantancewa ya jingina shi ga abin da ido ba ya kaiwa, ya ce don su san Ɗan Mutum yana da ikon gafarta zunubi a duniya, sannan ya umarci mutumin ya tashi. Ya tashi, ya naɗe shimfiɗarsa, ya fita. Mai karatu Bayahude zai tuna da Zabura ta 103, inda aka jera gafarar laifi da warkar da cuta a matsayin ayyukan Ubangiji, ɗaya na bin ɗaya. A fahimtar Kirista ke nan, ƙafafun shanyayyen ba su ne saƙon ba. Hatimi ne aka buga a ƙarƙashin wata magana, maganar kuwa ita ce ke ɗauke da da'awar.

Haka nan salon aikin. Iliya ya miƙe a kan yaron sau uku yana kuka ga Ubangiji. Elisha ya rufe ƙofa ya yi addu'a. Hanina ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa. A mafi yawan labaran Linjila kuwa Yesu umarni yake bayarwa: ga zazzaɓi, ga aljani, ga 'yar Yayirus da ke kwance matacciya. Kuturun da ya durƙusa a gabansa a ƙarshen babi na 1 na Markus bai roƙe shi ya yi masa addu'a ba, cewa ya yi in ya ga dama yana iya tsarkake shi, shi kuma ya amsa cewa ya ga dama. Ya kuma miƙa hannu ya taɓa shi. A shari'ar Littafin Firistoci, babi na 13 da 14, mai irin wannan cuta ƙazantacce ne, a bayan gari yake zama, aikin firist dubawa ne kawai da ba da shaida in ya warke, ba warkarwa ba. A ƙa'ida ƙazanta ce ke bin wanda ya taɓa ta. A nan sai ruwa ya koma gangare ta baya, tsarki ya bi kuturun. Ya kamata a tuna cewa da wasiƙar Na'aman ta iso hannun sarkin Isra'ila, kyakketa rigarsa ya yi yana tambaya ko shi Allah ne da za a turo masa kuturu. Ga nauyin da cutar ke da shi a tunanin mutanen. (Masana sun nuna cewa abin da Attaura ke nufi ya haɗa cututtukan fata iri-iri, ba lalle kuturtar da likitoci suka sani yau ba, amma wariyar da ake yi wa mai ita duk ɗaya ce.)

Sai batun Asabar. A tafkin Baitasda, wanda aka tono kangonsa kusa da cocin Santa Ana a tsohon birnin Urushalima, Yesu ya warkar da mutumin da ya shekara 38 a kwance, a ranar hutu. Da aka tuhume shi, bai kawo uzurin da malamai suka saba da shi ba, wato ceton rai ya fi kiyaye Asabar, domin mai ciwon shekara 38 zai iya jiran gobe. Cewa ya yi Ubansa bai daina aiki ba, shi ma haka. Malaman Yahudawa sun riga sun yarda cewa Allah kam yana aiki ran Asabar, tun da ana haihuwa ana mutuwa a ranar. Wannan keɓantaccen haƙƙi ne ya jawo wa kansa, kuma Linjilar Yahaya ta ce masu sauraro sun gane sarai, shi ya sa suka ƙara ƙaimi wajen neman kashe shi.

Akwai kuma igiyar da ta ɗaure ayyukan da annabcin Ishaya. Yahaya Mai Baftisma yana kurkukun Hirudus, shakka ta kama shi, ya aiko a tambayi Yesu ko shi ne wanda ake jira. Yesu bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce su je su faɗi abin da suka gani game da makafi da guragu da kutare da kurame da matattu da matalauta. Jerin nan daga Ishaya aka tsamo shi, musamman babi na 35 da na 61, kuma a babi na 35 buɗewar idon makafi tana biyo bayan albishir cewa Allah da kansa zai zo ya yi ceto. Cikin takardun da aka fara ganowa a kogunan Kumran, bakin Tekun Gishiri, daga 1947, akwai wani guntu mai lamba 4Q521 da ya ambaci Almasihu, ya kuma jera warkarwa da rayar da matattu da albishir ga matalauta a matsayin abubuwan da Ubangiji zai yi a wancan zamani. Wannan ya nuna ba Kiristoci suka ƙirƙiro jerin daga baya ba, tsammani ne da ke yawo a ƙasar tun kafin Yesu. Cikin dukan labaran annabawan dā kuma babu wanda aka ce ya buɗe idon wanda aka haifa makaho, abin da ya sa Linjilar Yahaya ta ba labarin makahon tafkin Siluwam babi guda cur, na 9. An gano matakalan wani babban tafki a wurin a 2004, ana cikin gyaran bututun ruwan ƙazanta. Tono irin wannan yana tabbatar da cewa marubucin ya san birnin Urushalima. Ba ya tabbatar da cewa makaho ya gani, kuma ba daidai ba ne a riƙa cakuɗa biyun.

Abu na ƙarshe da Kiristoci ke kawowa shi ne suna. Bitrus da ya ta da gurgu a ƙofar Haikali ya yi maza ya ce ba da ikonsa ko ibadarsa ba ne, da sunan Yesu ne. A fada, in jakada ya isar da umarni ana bi, amma ba a taɓa jin wani jakada ya je ƙauye yana ba da umarni da sunan jakada ɗan'uwansa ba, da sunan sarki ake yi. Elisha bai warkar da sunan Iliya ba. Almajiran Yesu kuwa, Yahudawa masu kaɗaita Allah tun daga nono, suka sa sunansa a gurbin da sunan Ubangiji ke zama.

Wannan ita ce hujjar a mafi ƙarfin siffarta. Amma Linjilar nan dai tana ɗauke da wasu ayoyi da ke ja ta wani gefen, kuma rashin gaskiya ne a tsallake su. A bakin kabarin Li'azaru Yesu ya ɗaga kai ya gode wa Uban da ya saurare shi. Kafin ya buɗe kunnen kurman nan a babi na 7 na Markus ya dubi sama ya yi ajiyar zuciya. Ya ce da Ruhun Allah yake fitar da aljanu. A babin Baitasda ɗin nan da aka kafa hujja da shi, ya ce Ɗan ba ya iya yin kome shi kaɗai. A Nazarat, garinsu, Markus ya ce bai iya yin wani babban aiki ba saboda rashin bangaskiyarsu, sai 'yan kaɗan da ya ɗora wa hannu. Matiyu da ya kawo labarin shanyayyen Kafarnahum ya rufe shi da cewa taron ya ɗaukaka Allah da ya ba mutane irin wannan iko. Bitrus ma a wa'azinsa na ranar Fentikos ya gabatar da Yesu a matsayin mutumin da Allah ya shaida ta wurin ayyukan da ya yi ta hannunsa.

Mai karatu Musulmi zai ji wannan harshe bai baƙunce shi ba. Alƙur'ani ya tabbatar da cewa Annabi Isa ɗan Maryam, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya warkar da wanda aka haifa makaho da mai albaras, ya kuma rayar da matattu. Yana nan a Suratu Ali Imrana aya ta 49 da Suratul Ma'ida aya ta 110, kuma a duka wuraren biyu ana ta nanata cewa da iznin Allah aka yi. A ilimin tauhidin Musulunci mu'ujiza aikin Allah ce da yake bayyanawa a hannun annabi don gaskata shi, an kuma bambanta ta da karamar waliyyai, da istidraji, da sihiri. Tun ƙarni na 9 Ali ɗan Rabban al-Ɗabari, likitan da ya bar Kiristanci ya musulunta, ya riƙa jera ayyukan Yesu kusa da na annabawan Isra'ila yana tambayar abin da ya bambanta su. Alƙali al-Baƙillani, wanda ya rasu a 1013, ya bi wannan hanya: in abin al'ajabi ke nuna allahntaka, me zai hana a faɗi haka a kan Annabi Musa? Tambaya ce mai nauyi, kuma ta rushe hujjar nan ta kai tsaye gaba ɗaya. Abin da ba ta taɓa ba shi ne maganar gafarar zunubi da ta Asabar da ta suna, domin waɗannan ba a Alƙur'ani suke ba, a Linjila suke, nan kuma gardamar takan koma kan wane littafi za a amince da shi. Abin lura dai shi ne Musulmi da Kirista sun fi kusa da juna a kan wannan batu fiye da yadda kowannensu yake da Baturen jami'a da bai yarda an taɓa buɗe idon makaho ba.

Amsar da Ikkilisiya ta bayar game da ayoyin nan masu fuska biyu ta ɗauki ƙarnoni kafin ta nuna. A wasiƙar da Paparoma Liyo ya rubuta a 449, wadda Majalisar Kalsidon ta karɓa a 451, ya ɗauki labarin Li'azaru ya ce kukan da Yesu ya yi wa abokinsa na ɗabi'ar mutum ne, kiran da ya fito da shi daga kabari kuma na ɗabi'ar Allah ne, duka biyun a cikin mutum ɗaya. Wanda ya gaskata zai ce wannan ce kaɗai fahimtar da ta ɗauki dukan ayoyin ba ta zubar da ko ɗaya ba. Wanda bai gaskata ba zai ce an ɗinka rigar ne bayan an ga jikin. Ko Kiristoci ba su taru a kan lafazin Kalsidon ba: cocin Kibɗawa na Masar da na Habasha da na Armeniya sun ƙi shi har yau, ko da yake ba su taɓa shakkar allahntakar Almasihu ba.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba ya fi duk wannan faɗakarwa. Ƙa'idar bangaskiyar da aka tsara a Nikiya a 325, aka faɗaɗa a 381, wadda ake karantawa a coci-coci har gobe, ba ta ambaci warkarwa ko ɗaya ba. Daga zaman Yesu mutum sai ta tsallaka zuwa shan wuya da tashi. Wasiƙun Bulus, waɗanda su ne rubutun Kirista mafi tsufa da ke hannu, daga wajen shekara ta 50, ba su ba da labarin kuturu ko makaho ɗaya da Yesu ya warkar ba. Shi kansa Yesu sau da yawa yakan kwaɓi wanda ya warke kada ya faɗa wa kowa, kuma da Farisiyawa suka nemi ya nuna alama daga sama don su gwada shi, ya ƙi. Ya yi gargaɗi cewa annabawan ƙarya za su zo da manyan alamu, kamar yadda Maimaitawar Shari'a babi na 13 ta riga ta yi, ya ce a ranar ƙarshe zai kori wasu da suka yi abubuwan al'ajabi da sunansa. A ƙarƙashin gicciye ma da warkarwar aka yi masa ba'a, wai ya ceci wasu ya kāsa ceton kansa. Tarihi ya nuna cewa ba daga warkarwa almajiran suka hau zuwa ga kiran shi Ubangiji ba. Sai da suka gaskata ya tashi daga matattu, sannan suka waiwaya suka sake karanta abin da suka gani a Galili. Yahaya marubucin Linjila, wanda ya zaɓi 'yan ayyuka kaɗan ya kira su alamu, ya faɗi a fili cewa ya rubuta su ne don mai karatu ya ba da gaskiya, ya kuma yarda cewa da yawa sun gani da idonsu ba su gaskata ba.

Zamanin Turawa na baya ne ya juya tambayar. David Hume na Sukotlan ya yi gardama a 1748 cewa kullum ya fi sauƙi a ce mai shaida ya ruɗe ko ya yi ƙarya da a ce ƙa'idar halitta ta karye. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya sa reza ya yanke Linjila, ya manna koyarwar ya zubar da mu'ujizan, ya kammala a 1820. David Strauss a Jamus ya ce a 1835 labaran tatsuniyar bangaskiya ce da aka saƙa da zaren Tsohon Alkawari, ya rasa aikinsa na koyarwa a kan haka. Rudolf Bultmann a 1941 ya ce mai amfani da lantarki da rediyo da asibiti ba zai iya komawa duniyar aljanu da mu'ujizai ba. Mai zama a Kano ko Jos ko Legas zai yi murmushi in ya ji wannan, don ya san masu wayar hannu biyu da digiri biyu da ba sa wasa da addu'ar neman waraka.

Abin ya sake juyawa a ƙarshen ƙarni na 20. Masana tarihi irin su Geza Vermes, Bayahude, da E. P. Sanders, da John Meier, limamin Katolika, sun tsaya a kan cewa Yesu ya shahara da warkarwa da fitar da aljanu tun yana raye, kuma wannan na cikin abubuwa mafi tabbaci da aka sani game da shi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Linjilar Markus labaran mu'ujiza ne, in aka zare su ba a gane abin da ya tara masa jama'a. Iyakar abin da tarihi ke iya faɗa ke nan: mutane sun je masa da ciwo, sun tafi suna cewa sun warke. Wanda ya yi aikin kuwa, ba tambayar da ake amsawa da tono ko tsohuwar takarda ba ce.

A yau Kiristoci sun rabu a kan ko alamun na ci gaba. Wasu Furotesta, tun daga John Calvin har B. B. Warfield da littafinsa na 1918, sun ce an ba da baiwar ne don tabbatar da manzanni, ta kuma tsaya bayan su. Katolika sun yarda tana faruwa amma sun sa mata tankaɗe mai ƙananan ido: a Lurd ta Faransa, inda aka kafa ofishin likitoci a 1883, sama da mutum 7,000 sun kai rahoton waraka, amma sai a 2018 adadin da coci ta amince da shi ya kai 70. 'Yan Fentikos kuwa, tun farkawar titin Azusa a Los Anjelis a 1906, sun mai da warkarwa tsakiyar sujada, a Nijeriya kuma ta haɗu da abin da Joseph Ayo Babalola ya fara a Ilesha a 1930. Nan ne nake ganin an fi karkatar da alamar. A Listira manzanni tufafinsu suka yaga don kada a ɗaukaka su, yau kuwa hoton fasto ne ke cika allon talla, kuma wanda aka ce wa kada ya faɗa wa kowa an maye gurbinsa da wanda ake miƙa wa makirufo. Abin ya kai ga hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Nijeriya, NBC, ta hana nuna mu'ujizan da ba a tantance ba a gidajen talabijin a 2004. Mafi muni shi ne a gaya wa wanda bai warke ba cewa bangaskiyarsa ce ta gaza, har ya ajiye maganinsa. Sabon Alkawari bai koyar da haka ba. A Baitasda marasa lafiya jibge suke, ɗaya aka ɗaga. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba, ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, kuma yana yawo da Luka likita.

Akwai wata hanyar da labarin kuturun ya bi ya iso ƙasar Hausa, ba ta dandalin wa'azi ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, sai a shekarun 1930 aka buɗe musu ƙofa ta wajen kula da kutare. Mishan ɗin 'Yan'uwa sun riga sun kafa tasu cibiyar kutare a Garkida a 1929, ƙungiyar mishan ta SIM kuma ta karɓi Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, daga baya ta buɗe Danja kusa da Maraɗi. Ma'aikatan sun ɗauki aikin a matsayin bin sawun wanda ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, amma ba su da umarnin da za su ba cutar. Allurar man calmugra suke yi, mai zafi da ƙarancin amfani, har dafson ya iso bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannan haɗin magunguna da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a farkon shekarun 1980. Wasu daga cikin majinyatan, musamman yaran da suka tashi a wuraren suka yi karatun boko, sun zama Kirista, kuma daga cikinsu aka sami malaman asibiti da masu bishara na farko a yankunan. Mafi yawa kuwa sun sha magani, sun karɓi takardar sallama, sun koma garuruwansu a kan addinin da suka zo da shi.